Man kifi don dabbobi: yadda za a zaɓi nagari ba tare da ɓarnar kuɗi ba



Da zarar rani ya yi nisa, ciyawa ta koma kara, akwai tambayar da ke yawan iso mu, mu ma'aikatan lafiyar dabbobi: wai man kifin nan da ake talla a kasuwa yana da amfani ga bisashe? In yana da amfani, wanne ya kamata a saya, tunda wata kwalbar ta ninka wata kuɗi? Ina jin wannan tambaya daga masu garken shanu, daga mata masu kiwon jar akuya, har da masu kaji da zabi a cikin gida. Tambaya ce mai nauyi, domin kuɗin da za a zuba a kwalba ɗaya shi ne kuɗin dusa ko harawar kwana da kwanaki, a lokacin da aljihu ya fi bushewa.

Amsata a taƙaice ita ce: abin da dabbarka ke nema a cikin wannan kwalba shi ne bitamin A. Saboda haka da bitamin A za ka auna kyan mai, da shi za ka auna tsadarsa, kuma da shi za ka gane ko akwai wata hanya da ta fi araha. Bari in bi maganar daki-daki.

Abin da ke ƙarewa a jikin dabba da rani

A cikin ɗanyar ciyawa da koren ganye akwai wani sinadari da ake kira karotin. Idan dabba ta ci, jikinta yana mayar da shi bitamin A, ya yi amfani da wanda yake buƙata, ya ajiye saura a hanta. Hanta kamar rumbu take. Da damana rumbun yana cika. Daga Oktoba, in ciyawa ta bushe rana ta dake ta, karotin ɗin yana lalacewa kusan duka, sai dabba ta koma cin abin da ta ajiye. Ajiyar hantar saniya takan kai wata biyu zuwa huɗu. Ke nan daga wajen Fabrairu ko Maris rumbun ya fara ƙarewa, alhali sabuwar ciyawa sai ƙarshen Yuni ko Yuli. Karan hatsi, dusar gero, dusar alkama da gurya duk suna cika ciki, amma karotin ɗin da ke cikinsu bai taka kara ya karya ba.

Alamun ƙarancin bitamin A da makiyayi zai iya gani su ne dundumi, wato dabba ta riƙa tuntuɓe ko karo da turke da magariba, idanu masu zubar da ruwa, gashi ya yi burtsatsa, mace ta ƙi ɗaukar ciki, mabiyiya ta ƙi faɗuwa bayan haihuwa, ko a haifi ɗa rarrauna wanda zawo da tari ke saurin kayarwa. Ɗan da ke ciki ba ya samun bitamin A mai yawa ta jinin uwa. Kasonsa yana cikin dakashi, nonon farko na kwanakin haihuwa. In hantar uwa ta ƙare, dakashinta ma zai fito da rauni, ɗan ya fara rayuwa hannu rabbana.

Sai dai a lura da kyau: waɗannan alamu suna da wasu dalilan. Idan mata da yawa suka yi ɓari a garke cikin ɗan lokaci, kada a tsaya neman mai ko bitamin. A sanar da ma'aikatar kiwo nan take, kuma kada a taɓa ɗan ɓarin da hannu tsirara. Mutanen jihar Tahoua ba su manta da shekarar 2016 ba, lokacin da zazzaɓin Rift ya ɓulla a yankin Cintabaraden, ya jawo ɓari a garkuna, ya kuma kashe mutane.

Man kifi iri biyu ne

Nan ne aka fi yin asarar kuɗi, domin suna ɗaya ake kiran su a kasuwa, amma aikinsu daban.

Na farko shi ne man hantar kifi. Ana tatsar sa daga hantar wani kifin teku mai sanyi da ake kamawa a ƙasashe irin su Norwe da Aisland. A jikin kwalba za ka ga an rubuta "huile de foie de morue" da Faransanci, ko "cod liver oil" in kayan ya shigo ta Najeriya. Wannan shi ne mai bitamin A da bitamin D. A bisa ƙiyasi, giram ɗaya yana ɗauke da ma'aunin bitamin A wajen 1,000 da na bitamin D wajen 100, ko da yake kamfani da kamfani sukan bambanta. Ma'aunin nan shi ne ake rubutawa UI da Faransanci, IU da Ingilishi. Ƙaramin cokalin shayi ɗaya yana ɗaukar wajen giram 4.5, wato UI 4,500.

Na biyu shi ne man jikin kifi, wanda ake matsewa daga ƙananan kifayen teku gaba ɗayansu. Ƙasar Peru ce kan gaba wajen yin sa, kuma akwai masana'antunsa a Maroko da Nuwadibu ta Muritaniya. A kwalba za ka ga "huile de poisson", "fish oil" ko "omega-3". Amfaninsa shi ne wani irin kitse mai suna omega-3, wanda mutane ke sha don lafiyarsu, kuma masu kiwon kifi ke sa wa a abincin kifi. Bitamin A ɗin da ke cikinsa kaɗan ne ƙwarai, sai in kamfani ya ƙara ya kuma rubuta. Ƙwayoyin nan masu ruwan zinariya da ake sayarwa a farmasi yawanci irin wannan ne: ƙwaya mai miligiram 1,000 takan ƙunshi omega-3 wajen miligiram 300. Wanda ya saya wa tunkiya mai dundumi irin wannan ya sayi abin da ba ya maganin ciwonta.

Game da bitamin D kuwa, fatar dabba tana yin sa da kanta in rana ta taɓa ta. A ƙasarmu rana ba ta yanke mana ba. Dabbar da ke fita kiwo ba ta rasa shi. Masu iya rasawa su ne ƴan tsaki da ƙananan dabbobin da aka kulle a ɗaki mai duhu. Saboda haka kada mai talla ya ƙara maka kuɗi da sunan bitamin D.

Wace dabba yake yi wa amfani, wace ce yake cutarwa

Shanu, tumaki, awaki da raƙuma masu tuƙa ne. A tumbinsu akwai ƙananan halittu da ido ba ya gani, su ne ke narkar da kara da busasshiyar ciyawa. Man kifi yana takura waɗannan halittu. In ya yi yawa, dabba takan rage cin abinci, narkewar kara ta ragu, ga shi kuwa da rani karan ne abincin. Haka kuma tumbin yana lalata wani kaso na bitamin A da aka ba da ta baki kafin ya kai hanji.

Akwai wata illa da ta shafi iyayenmu mata kai tsaye. Man kifi yana rage maiƙon nono. Saniyar da ake ba shi kullum, nononta yakan fito tsararo, in an kaɗa man shanu ya fito kaɗan. Gidan da ke dogara da sayar da man shanu ko cuku, wannan asara ce sau biyu: an biya kuɗin kwalba, an rasa kuɗin mai.

Mu yi lissafi. Saniya mai kilo 250 tana cin busasshen abinci wajen kilo 6.25 a rana. Masana abincin dabbobi sun ƙayyade UI 2,800 a kowane kilon abinci ga mai ciki, UI 3,900 ga mai shayarwa. Ke nan mai ciki tana buƙatar wajen UI 17,500 a rana, mai shayarwa wajen UI 24,000. In da man hantar kifi za a biya wannan buƙata, sai an ba ta ƙaramin cokali huɗu zuwa biyar kullum. Daga Maris zuwa Yuni saniya ɗaya za ta sha lita biyu zuwa uku. Mai shanu 20 zai nemi lita 40 zuwa 60. Babu makiyayin da wannan lissafi zai fisshe shi.

Inda man hantar kifi yake da gurbi shi ne wajen ƙanana. Maraƙi, ɗan tunkiya da ɗan akuya masu shan nono, tumbinsu bai fara aiki sosai ba, nonon da suka tsotsa yana zarcewa ne zuwa cikin gaskiya. Bitamin A yana bin maiƙo, saboda haka in an kaɗe nono an cire man shanu, bitamin ɗin ya tafi tare da man. Marayan da ake raino da irin wannan nono, ko da kunun dusa, shi ne ya fi kowa amfana. Maraƙi mai kilo 25, abin da bai wuce rabin ƙaramin cokali a rana ba ya ishe shi. Ɗan akuya ko ɗan tunkiya, ɗigo kaɗan ne. A gauraya a cikin nono mai ɗumi ya tsotsa da kansa. Kada a yi masa ɗura, domin in mai ya bi ta maƙogwaron iska ya sauka huhu, yana jawo ciwon huhu mai wuyar magani.

A nan ma wuce gona da iri yana da haɗari. Tun shekarun 1950 masu bincike a Birtaniya suka nuna cewa yawan ba maruƙa man hantar kifi yana cinye bitamin E na jikinsu, naman jikinsu ya lalace, su kasa tsayuwa, wasu zuciya ta tsaya. Bitamin A shi ma in ya taru da yawa a hanta guba ne. Wanda aka yi wa allurar bitamin, kada a ƙara masa mai a kai.

Kaji da zabi ba su da tumbin tuƙa, don haka suna amfana da shi kai tsaye, musamman ƴan tsakin da ake ciyarwa da dusa da tsakin gero kaɗai. Ƙaramin cokali ɗaya a kilon abinci ya wadatar. In aka haura giram 10 a kilo, ƙwai da nama sukan fara ƙarnin kifi, mai saye ya guje su. A kwaɓa na kwana biyu ko uku kawai, domin mai yana saurin ɓaci in ya haɗu da dusa. Wanda yake sayen abincin kaji na kamfani, ko yake sa garin bitamin a haɗinsa, ba ya buƙatar ƙarin mai.

Abin da za a duba a jikin kwalba

In ka tabbata man hantar kifi kake buƙata, ga abin da nake dubawa kafin in ce a biya. Wanda bai iya karatun boko ba ya tafi da ɗan makaranta ko sakataren ƙungiya, babu kunya a ciki.

Na ɗaya, adadin bitamin A. Dole a rubuta UI nawa ne a giram, a mililita ko a cokali. Kwalbar da ta ce "mai ƙarfi" ko "mai bitamin da yawa" ba tare da lamba ba, a ajiye ta.

Na biyu, ranar da aka yi shi, ranar ƙarewar aikinsa, da lambar kashi, wadda ake rubutawa "lot". Su kasance bugun inji ne. In an kankare, ko an manna wata takarda a kai, a bar shi. A zaɓi wanda ya rage masa aƙalla shekara ɗaya.

Na uku, sunan kamfani da ƙasar da aka yi shi, da lambar izinin hukuma. Ƙasashen UEMOA suna da tsarin bai ɗaya na ba magungunan dabbobi izinin shiga kasuwa, wanda aka kafa a 2006. Kayan da suka shigo daga Najeriya ta Jibiya, Ilela ko hanyar Daura ya kamata su ɗauki lambar NAFDAC. Lamba kaɗai ba ta hana jabu, amma rashinta ya isa dalilin ƙin saye.

Na huɗu, bitamin E. Kamfanonin kirki sukan ƙara shi don ya tsare man daga ɓaci. A takarda za ka ga "vitamine E" ko "tocophérol". Mai shi ya fi wanda ba shi da shi.

Na biyar, ita kanta kwalbar. Ta kasance mai duhu, ruwan ƙasa ko kore, ko gwangwani, murfinta da hatimin da ba a taɓa ɓallewa ba. Farar roba da haske ke ratsawa ba ta tsare mai.

Hanci da ido

Man kifi ya fi man gyaɗa saurin lalacewa nesa ba kusa ba. Abu uku ke ɓata shi: zafi, haske da iska. A Afrilu da Mayu zafinmu yana haura digiri 40 a inuwa, balle a kan teburin mai talla da ke yawo daga kasuwa zuwa kasuwa, kwalba tana shan rana tun safe. Man da ya ɓaci, bitamin A ɗinsa ya mutu, kuma shi kansa ya zama abin cutarwa, yana sa zawo, yana ƙara cinye bitamin E. Ranar da ke jikin takarda tana aiki ne ga kwalbar da aka adana yadda ya kamata.

Mai kyau yana da ƙarnin kifi mara ƙarfi, launinsa garai-garai kamar tataccen man gyaɗa. Wanda ya ɓaci yana da wari mai hawa kai irin na tsohon fenti, in ka ɗanɗana ɗigo a harshe za ka ji ɗaci da maƙaƙi a maƙogwaro. Launinsa yakan yi duhu, bakin kwalba ya yi danƙo. In ƙwayoyi ne, a huda ɗaya a shinshina. Waɗanda suka manne da juna sun sha zafi. A yi hattara da wanda aka sa wa ƙanshin lemo, domin ƙanshin yana iya rufe warin ɓaci.

Abin da hanci da ido ba sa iya ganewa shi ne algus. In an sirka man kifi da man girki, ƙarnin yana nan, launin yana nan, sai ɗakin bincike ne zai gano. Saboda haka ban yarda da man da ake aunawa daga bido a zuba a kwalbar da aka wanke ba, ko da kuɗinsa ya yi daɗi. A sani kuma man kifi kaya ne mai tsada a kasuwar duniya. A 2023 da ruwan tekun Peru ya yi ɗumi, gwamnatin ƙasar ta soke zangon farko na kamun ƙananan kifayen, farashin mai ya yi tashin da ba a saba gani ba. Kayan da ya ƙetare teku, ya hau mota daga tashar jirgin ruwa har Maraɗi ko Damagaram, in ka same shi da kuɗin man girki, to akwai magana.

Lissafin tsada na gaskiya

Farashin kwalba ba ya faɗa maka komai sai ka san abin da ke ciki. Hanyar ita ce: ninka mililitar kwalba da UI na kowace mililita, sannan ka duba nawa UI 100,000 ya kama. Ga misali da lambobin da na ɗauka don koyon lissafi kawai, kowa ya sa farashin kasuwarsu.

A ce kwalba ta farko mililita 200 ce, kowace mililita UI 600, ana sayar da ita sefa 2,000. Jimillar bitamin A ɗinta UI 120,000 ne. Kowane UI 100,000 ya kama wajen sefa 1,670.

A ce ta biyu mililita 250 ce, kowace mililita UI 1,000, kuɗinta sefa 3,000. Jimilla UI 250,000. Kowane UI 100,000 ya kama sefa 1,200. Ka ga wadda ta fi kuɗi da jikka guda ita ce mai araha.

Yanzu mu kawo ta uku, wadda ba man kifi ba ce: allurar bitamin AD3E da ake samu a kantunan maganin dabbobi. Ƙarfinta ya bambanta, akwai mai UI 80,000 a mililita, akwai mai 500,000. Mu ɗauki mai rauni, kwalbar mililita 100: jimilla UI miliyan 8. Ko da a ce kuɗinta sefa 8,000 ne, kowane UI 100,000 ya kama sefa 100 kacal. Mai ƙarfin kuwa, mililita ɗaya tata ta kai fiye da rabin litar man hantar kifi. Ga shi ba ta bi ta tumbi, ba ta taɓa maiƙon nono, tana ɗauke da bitamin E, kuma tana cika hanta na wata biyu zuwa uku. Ga manyan dabbobi, musamman mata masu ciki a watanni biyun ƙarshe, wannan ce hanyar da nake ba da shawara. Sharaɗinta shi ne likitan dabbobi ko mataimakin kiwo da aka horar ya yi ta, da allura mai tsabta, bisa awon da ke jikin takarda. Masu asibitin dabbobi na kusa da makiyaya, waɗanda ake kira SVPP, aikinsu ke nan. Ita ma allurar tana jin zafi da haske, don haka duk abin da na faɗa kan rana da hatimi ya shafe ta.

Wanda ya fi duka araha: koren ganye

Kafin kwalba da allura akwai abin da ke gonarmu. Gawo yana fitar da ganye da rani lokacin da sauran itatuwa suka kaɗe. Jiga da aduwa suna riƙe kore. Zogale, ganyen dankali, ganyen karas da ragowar kabeji na lambunan rani duk suna da karotin mai yawa. Mutanen bakin kogin Kwara suna da burgu. Ɗan dami na ɗanyen ganye sau biyu ko uku a mako ga akuya mai ciki yana rage mata wannan rashi ƙwarai. A yi sassabe da hankali, bisa ƙa'idar ma'aikatan gandun daji, domin gawo itace ne da doka ta tsare. Manoman Maraɗi da Damagaram da suka rungumi sassaben zamani suka bar itatuwa a gonakinsu, sun tara wa dabbobinsu wannan arziki tun ba a je kasuwa ba.

Harawa ma ta danganta da yadda aka adana ta. Wadda aka yanke da sauran korenta, aka shanya a inuwa, aka sa a rumbu ko ƙarƙashin rumfa, tana riƙe wani kaso na karotin. Wadda aka bari a kan rufin ɗaki ko a reshen itace rana ta mayar da ita fara, ta rasa shi. Idonka ya isa awo: gwargwadon koren harawa, gwargwadon abin da ya rage a cikinta.

Kada kuma a ɗora wa bitamin abin da ba nasa ba. Mafi yawan ramar rani yunwa ce. Saniyar da ke tauna ƙashi, tsumma ko leda tana neman sinadarin fosfor da gishiri, wannan kuwa aikin dutsen lasa ne, babu su a man kifi. Dabbar da tsutsar ciki ko ta hanta ta cinye ba za ta riƙe bitamin ba sai an yi mata magani. In kuɗi kaɗan ne, ga yadda nake jera su: abinci da ruwa, sai rigakafi da maganin tsutsa, sai dutsen lasa, sannan bitamin A.

In ƙungiya za ta saya a dunƙule

Ranku ya daɗe shugabannin ƙungiyoyi, sayen haɗin gwiwa yana sauke farashi, amma yana iya ninka asara in kayan ya ɓaci a hannunku. Ku fara ƙidaya masu buƙata na gaskiya: marayu nawa, ƴan tsaki nawa, mata masu ciki nawa. Za ku tarar man da ake buƙata kaɗan ne, mafi yawan kuɗin ya fi dacewa da allura da dutsen lasa.

Ku sayi ƙananan kwalabe da yawa maimakon babban bido ɗaya. Duk buɗewar da aka yi wa bido iska tana shiga, kafin a kai rabi sauran ya lalace. Ku saya a lokacin sanyi, Disamba ko Janairu, daga kantin da ke da izini da wurin ajiya mai sanyi, ku karɓi takardar shaidar saye mai ɗauke da lambar kashi. In odar tana da yawa, ku nemi dillali ya kawo takardar binciken wannan kashin. A cikinta ku duba awon ɓacin mai. Ƙa'idar Codex ta hukumomin FAO da OMS, wadda aka amince da ita a 2017 don man kifin da mutane ke sha, ta ce lambar "peroxyde" kada ta wuce 5, lambar TOTOX kada ta wuce 26. Lambar kashin da ke takardar ta zama daidai da ta jikin kwalba.

Wajen ajiya, ɗakin ƙasa mai duhu ya fi shagon kwano. In babu firiji, a sa kwalabe cikin ƙaramar tukunya, a sa ta cikin babba, a cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen rairayi, a rufe da jiƙaƙƙen buhu. A rubuta ranar buɗewa a jikin kowace kwalba, a ƙarar da ita cikin wata ɗaya zuwa biyu, ana shinshinawa kafin kowane amfani. Sakatare ya riƙe littafi: wa ya karɓa, wace dabba aka ba, me aka gani bayan wata guda. Wannan littafin shi zai gaya muku baɗi ko za ku sake saye.

Kalma ɗaya game da iyali

Na san kwalbar da ta shiga gida don maraƙi wani lokaci takan kai bakin yaro. Man da aka yi don dabbobi ba a tace shi kamar na mutane ba, kada a ba yara. Mace mai ciki kada ta sha man hantar kifi sai da izinin ma'aikacin lafiya, domin yawan bitamin A yana iya nakasa ɗan da ke ciki. Yara daga wata 6 zuwa 59 suna da kasonsu na bitamin A kyauta duk wata shida a cibiyoyin lafiya da lokacin kamfen: shuɗiyar ƙwaya mai UI 100,000 ga ƴan ƙasa da shekara ɗaya, ja mai UI 200,000 ga waɗanda suka haura. A kai su can. Kwalaben dabbobi kuma a ɗaga su inda hannun yaro ba ya kai.

Wanda yake da kwalba a gida yanzu, ya ɗauko ta ya duba suna, adadin UI da rana, ya buɗe ya shinshina. In akwai shakka, ya kai wa mataimakin kiwo na garinsu ko ma'aikatar kiwo ta komin kafin ya ba dabba. Allah ya tsare mana dukiyarmu, ya kai mu damana lafiya.